Tarihin Doki Yana Rubuce a Jikinsa

A ƙasar Hausa babu dabbar da ta sami ɗaukaka irin wadda doki ya samu. Sarautu da dama daga gare shi suka samo asali, kamar Madawaki da Sarkin Dawaki da Shamaki mai kula da bargar sarki. Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, ake sa wa dawaki lifidi a fita yaƙi da su. A watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mun ƙware wajen yi wa doki ado, mun san akawal mun san kili, mun san sirdin da ya dace da basarake. Sai dai idan aka tambayi mai doki dalilin da ya sa dokinsa ba ya iya amai, ko dalilin da ya sa ƙwaryar dawa guda ta wuce kima kan kwantar da ingarma, sau da yawa shiru za a ji.

Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin tarihin halittar doki, kuma sanin wannan tarihi wajibi ne ga duk mai turke. Akwai masu ganin binciken tsofaffin ƙasusuwa aikin marasa abin yi ne. Muna fatan mai karatu zai ga cewa kofato da haƙori da tumbin doki kowanne yana ɗauke da shaidar irin rayuwar da ya dace da ita, kuma yawancin wahalar da dawakinmu ke sha ta samo asali ne daga saɓa wa wannan shaida.

Ƙaramar dabba a cikin kurmi

A shekarar 1841 wani masanin ƙirar jikin dabbobi a Ingila, Richard Owen, ya bayyana burbushin ƙoƙon kan wata ƙaramar dabba da aka tono a kudancin ƙasar. Bai gane dangin doki ba ce, domin ba ta yi kama da shi ba ko kaɗan. Sai da Othniel Marsh na Jami'ar Yale ya tara ɗimbin ƙasusuwa daga yammacin Amurka sannan al'amarin ya fara fitowa fili. A 1876 ya raɗa wa irin wannan dabba suna Eohippus, wato dokin alfijir. Ta rayu kimanin shekaru miliyan 55 da suka wuce. Girmanta bai wuce na ƙaramin kare ba, tana da yatsu huɗu a ƙafar gaba, uku a ƙafar baya, haƙoranta gajeru ne irin na mai cin ganye mai laushi da 'ya'yan itace. A lokacin duniya tana da zafi da laima, kurmi ya rufe yawancin Amurka ta Arewa, kuma ƙafa mai yatsu a baje ita ta dace da ƙasa mai taushi.

Daga nan sai yanayi ya soma sauyawa. Duniya ta riƙa yin sanyi tana bushewa, kurmi yana ja da baya, fili mai ciyawa yana faɗaɗa. Ƙasusuwan da aka samu a duwatsun da suka biyo baya suna nuna yadda zuriyar ta bi wannan sauyi. Wajen shekaru miliyan 35 da suka wuce akwai Mesohippus, mai yatsu uku gaba da baya, wanda ya kai girman tunkiya. Wajen shekaru miliyan 17 sai ga Merychippus, shi ma mai yatsu uku, amma na tsakiya ne ke ɗaukar nauyi, turamensa kuma sun yi tsawo. Jinsin da ake kira Equus, wanda ya haɗa doki da jaki da jakin dawa, ya bayyana tsakanin shekaru miliyan 4 zuwa 4 da rabi da suka wuce. An tabbatar da wannan ƙiyasi a 2013, bayan an karanta ƙwayoyin gado daga ƙashin wani doki da ya shafe kimanin shekaru 700,000 a daskararriyar ƙasar Yukon ta Kanada.

Bishiya mai rassa

A nan akwai gyaran da ya kamata malaman makarantunmu su lura da shi. Zanen da aka saba gani a littattafan kimiyya yana jera dawaki huɗu ko biyar daga ƙarami zuwa babba, kamar matakalar bene, sai ɗalibi ya ɗauka kowanne shi ya haifi na gaba da shi kai tsaye. Tun 1951 George Gaylord Simpson ya nuna a littafinsa kan dawaki cewa tarihin ya fi kama da bishiya mai rassa barkatai. Akwai lokacin da jinsuna fiye da goma suke kiwo a Amurka ta Arewa a zamani guda, wasu masu cin ganye, wasu masu cin ciyawa. Wasu rassan ma ƙanƙancewa suka yi. Binciken da aka buga a 2012 kan wani tsohon doki daga jihar Wayomin ya nuna nauyinsa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 lokacin da duniya ta yi matsanancin zafi, sannan ya ƙaru da zafin ya sauka.

Masu yatsu uku kuma ba su kasa ba. Wani reshe nasu mai suna Hipparion ya ƙetara zuwa Asiya da Turai da Afirka wajen shekaru miliyan 11 da suka wuce, ya yaɗu ƙwarai. Har yau ana ganin sawunsa a daskararren tokar dutse mai aman wuta a Laetoli ta Tanzaniya, mai shekaru miliyan 3.6. Mai kofato guda shi ne dai reshen da ya saura bayan sauran sun ƙare. A Amurka ma, inda zuriyar ta girma, dawaki sun ƙare ƙaƙaf kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, ba a sake ganinsu ba sai da Sifaniyawa suka kai su a jiragen ruwa daga 1493. Dokin gida da muke hawa kuwa, binciken 2021 ya nuna asalinsa daga filayen kudancin Rasha ne, tsakanin kogunan Bolga da Don, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. Ya shigo Masar wajen shekaru 3,600 da suka wuce, daga baya fatake suka biyo da shi ta hamada da kuma ta gabas, daga Dongola ta Sudan, zuwa Barno da ƙasar Hausa.

Mai karatu ya auna waɗannan lambobi guda biyu: shekaru miliyoyi a fili, shekaru dubu huɗu da 'yan kai a hannun ɗan'adam. Zaman turke bai daɗe da zai sake ƙirar jikin doki ba. Ingarman da ke ɗaure a barga a Katsina ko Damagaram jikinsa na dabbar da ke yawo a fili ne, tana kiwo tana gudun maƙiyi.

Tafiya a kan yatsa guda

Abin da muke kira gwiwar doki a ƙafar gaba daidai yake da wuyan hannun mutum, gaɓar da ta lanƙwasa baya a ƙafar baya kuma daidai take da idon sawunmu. Duk abin da ke ƙasa da nan yatsa ne guda ɗaya, na tsakiya, wanda ya yi tsawo ya yi kauri, kofato kuma shi ne farcensa. A gefe da gefen dogon ƙashin akwai wasu siraran ƙasusuwa biyu da ba su kai ƙasa ba, su ne ragowar yatsun da Merychippus yake da su. A 2020 masu bincike sun ga alamun yatsu biyar a ƙafar tayin doki mai kimanin wata guda, kafin huɗu su tsaya da girma. Jefi-jefi ma akan haifi duƙushi da ƙarin yatsa a gefen ƙafa.

Wannan ƙira ta gudu ce. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka, sai ƙashi da agara da fata, don haka ƙafar ba ta da nauyi, tana saurin lilo. Agarar tana miƙewa idan doki ya taka, ta dawo kamar roba idan ya ɗaga, ta rage masa kashe ƙarfi. Akwai kuma wani tsarin jijiyoyi da ke kulle gaɓoɓi, shi ya sa doki ke gyangyaɗi a tsaye, ko da yake yana bukatar ya kwanta na ɗan lokaci kowace rana domin barci mai nauyi.

Amma kowace riba tana da farashinta. Nauyin dabba mai kilo 350 ko 400 yana kan farce huɗu ne kawai, kuma ƙafafun gaba ke ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100. Ƙashin da ke cikin kofato a rataye yake da wasu siraran ganyayyakin nama kusan 600 da suka sarƙe da bangon kofaton. Idan suka kumbura sai ƙashin ya saki ya karkata, doki ya kasa tsayuwa saboda azaba. Kofato yana tsiro kimanin santimita ɗaya ko ƙasa da haka a wata, sai ya yi kusan shekara kafin ya sabunta gaba ɗaya. A daji tafiya ce ke goge shi daidai da tsironsa. Dokin da ya yi watanni a turke kan jiƙaƙƙen kashi, kofatonsa yakan yi tsawo ya ruɓe ta ƙasa. Ranar Sallah kuma a fito da shi a yi sukuwa da zamiya a kan kwalta da agarar da ba ta saba aiki ba. Gurguncewar da ke biyo baya ba ƙaddara ce kaɗai ba, akwai hannunmu a ciki. Haka nan ɗora wa duƙushi ɗan shekara biyu babban mutum da sirdi mai nauyi, alhali ƙasusuwan bayansa ba sa gama ƙosawa sai ya kai shekara biyar zuwa shida.

Haƙori da tumbi

Ciyawa abinci ne mai cin haƙori, domin akwai ƙwayoyi masu kama da yashi a cikin ganyenta, ga kuma ƙurar da ke manne mata. Maganin da zuriyar doki ta samu shi ne dogayen turame da ke ɓoye cikin muƙamuƙi, masu tsawon kusan santimita 8 a matashin doki, suna fitowa milimita 2 zuwa 3 a shekara gwargwadon yadda samansu ke gogewa. Dillalan dawaki sun daɗe suna buɗe baki su faɗi shekarun doki, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa dabarar take aiki. Idan doki bai sami isasshiyar ciyawar da zai tauna ba, turamen ba sa gogewa daidai, gefensu ya yi kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe, abinci yana zubowa daga baki, doki yana ramewa ana neman dalili a wani wuri.

Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai gurbi marar haƙori, nan linzami ke zama. Ƙashi ne a wurin da siririn dasashi a kansa. Linzamin gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana matse wannan wuri da ganɗa a lokaci guda. A hannun gwanin mahayi taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaro mai neman a yaba masa kuwa, jinin da ake gani yana gauraye da kumfar bakin doki shi ne sakamako.

Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da jikinsa, yana ɗaukar lita 8 zuwa 15, kuma yana zubo da ruwan tsami mai narka abinci dare da rana, ko akwai abinci ko babu. Doki ba shi da maɗaciya, ruwan ɗaci yana gangarowa daga hanta kai tsaye a kowane lokaci. Duka biyun alamu ne na dabbar da ke ci kaɗan-kaɗan ba tsayawa, kuma lalle dokin da aka sake yakan yi awa 14 zuwa 16 yana kiwo a yini. Idan aka bar shi da yunwa tun safe har la'asar, ruwan tsamin nan sai ya koma cin bangon tumbin, ya haifar da gyambon ciki. Ƙofar tumbin kuma a matse take ƙwarai, ba ta barin abu ya komo sama, shi ya sa doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Doki ba ya tuƙa kamar saniya. Ciyawarsa tana narkewa ne a can baya, a wata babbar jakar hanji mai ɗaukar kimanin lita 30 da kuma babban hanji, inda ƙananan halittu ke ruɓar da ita. Idan aka zuba masa dawa ko gero da yawa a zama ɗaya, abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa sai ya wuce can, ya yi tsami, ya kashe ƙananan halittun masu amfani. Daga nan ciwon ciki ke tasowa, doki ya yi ta birgima, gubar kuma ta bi jini ta kumbura ganyayyakin kofaton da muka ambata. Dusa ma, wadda muke ɗauka gata ce, tana da illa idan ta yi yawa: sinadarin fosfaras ya rinjayi na kalsiyam a cikinta, jiki ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura. Zuba abinci a kan rairayi shi ma yana tara yashi a hanji. Abin da likitocin dabbobi ke ba da shawara shi ne busasshiyar ciyawa ko harawa da ba ta gaza kashi 1.5 cikin 100 na nauyin doki ba kowace rana, wato sama da kilo 5 ga doki mai kilo 350, hatsi kuma a raba shi kashi-kashi.

Numfashi, gumi da tsoro

Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma idan yana sukuwa kowane tsalle numfashi guda ne. Zuciyarsa ta kai kilo 4, tana bugawa sau 30 zuwa 40 a minti idan yana hutawa, ta haura 200 idan yana gudu. Saifarsa rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini, tana matsewa ta zuba su cikin jijiya da zarar ya zabura. Irin wannan aiki yana haifar da zafi mai yawa, kuma da gumi yake fitar da shi, har lita 10 ko fiye a awa guda. Idan Sallah ta faɗo a bazara, dokin da ya yini a rana cikin jalala da kayan ado ba tare da ruwa ba yana cikin haɗari na gaske.

Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa in ban da daidai goshinsa da daidai bayansa. Wanda ya zo masa ta baya ba tare da magana ba ya shiga inda ba ya gani, harbin da zai sha kuma na tsoro ne. Dabbar da namun daji suka yi shekaru miliyoyi suna farauta ta gaji zabura kafin tunani. Bulala ba ta cire wannan, sai ma ta ƙara shi. Saba masa da ƙarar bindiga da tambari sannu a hankali ya fi duka amfani.

Hujjar masu ja

Za a ce iyaye da kakanni sun riƙe dawaki ɗaruruwan shekaru ba su san Eohippus ba. Gaskiya ne, kuma abubuwa da yawa da suka yi kimiyya ta gaskata su. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam mai yawa, suna gyara illar dusa. Kanwa tana mayar da wani ɓangare na gishirin da gumi ya fitar. Kilisar safe da yamma ita ce ke ƙarfafa agara ta goge kofato. Sun kuma lura cewa doki ba ya daɗewa a kurmin kudu, tun kafin a gano ƙudan tsando ne ke sa masa sammore. To amma dokin wancan zamani kullum a kan aiki yake, ga fadama ga yaran barga masu yankan ciyawa. Na yau yana zaune a lungun birni, burtali ya zama gidaje, harawa ta yi tsada, dusa ta fi sauƙin samu, leda kuma ta cika juji. Al'ada ta koya mana abin da za mu yi a yanayin da ta sani. Idan yanayin ya sauya, wanda ya san dalili ne kaɗai zai iya rarrabe abin da za a riƙe da wanda za a bari. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Muna da cibiyoyin da za su iya wannan aiki. Akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun 1924, akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Muna kira gare su da su fitar da ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo da Hausa kan ciyarwa da gyaran kofato da duba haƙori, su kuma haɗa kai da masarautu a riƙa duba dawaki makonni kafin hawa, a tanadi ruwa da inuwa a inda ake jira. Malamin sakandare kuma ba ya bukatar kayan waje kafin ya koyar da wannan darasi. Ƙashin ƙafar jaki ko na doki ya isa: ɗalibi ya riƙe shi kusa da hannunsa, ya nemo wuyan hannu, ya nemo yatsan tsakiya, ya shafa siraran ƙasusuwan nan biyu na gefe. Gani ya kori ji.

Mai doki kuma abin da ake nema gare shi bai fi ƙarfinsa ba: ciyawa a gabansa yawancin yini, hatsi kaɗan-kaɗan, ruwa a wadace, kilisa kullum, busasshen wurin kwanciya, sassauci a hannun linzami, da haƙuri da duƙushi har ƙashinsa ya ƙosa. Kuɗin da ake kashewa a kan kayan ado na hawa guda ya isa ya biya yawancin waɗannan na watanni.